Gishirin Manganis: Yadda Za A Taɓa Shi Da Yadda Za A Ajiye Shi

Kiwon kaji na zamani ya bunƙasa a birnin Gombe da kewayensa, musamman tun da garin ya zama hedkwatar jiha a 1996. Masu kiwo da dama sun koma haɗa abincin kajinsu da kansu: su sayo masara a Tudun Hatsi, su nemo waken soya da ƙuli-ƙuli da dusa, sa'an nan su zuba garin nan da ake kira firimis, watau haɗin bitamin da ma'adinai. A cikin ma'adinan akwai wani gishiri mai suna manganis salfet. Wannan takarda domin masu taɓa shi ce: mai kanti, da ɗan dako, da yaron injin niƙa, da mai kiwo.

Gari ne mai laushi, launinsa ruwan hoda mai haske, ba shi da wari, yana kuma narkewa cikin ruwa. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Ɗan tsakon da ya rasa manganis jijiyar ƙafarsa takan goce daga gurbinta ya gurgunce, kaza kuma ta riƙa yin ƙwai mai ɓawo sakayau wanda ba ya ƙyanƙyasuwa sosai. Amma abin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, kamar giram 60 zuwa 100 na manganis a cikin tan guda na abinci. Buhu ɗaya mai kilo 25 na tsantsar gishirin ya ishi tan 80 ko fiye. Saboda haka ƙaramin mai kiwo ba shi da dalilin ajiye tsantsarsa a gida. Firimis da aka riga aka auna ya wadatar, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin buhu.

Ɗan Adam ma yana bukatarsa, wajen miligiram 2 a yini, kuma yana samun wannan a cikin gero da dawa da wake da gyaɗa da ganyen shayi. Abin da ya shiga ta baki, hanji ba ya tsotsar fiye da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, rarar kuwa hanta ce take tacewa ta fitar da ita. To, a nan ne maganar take. Ƙurar da aka shaƙa ta hanci ba ta biyawa ta hanta tukuna. Daga huhu sai jini, daga jini sai ƙwaƙwalwa, inda take taruwa kaɗan-kaɗan a sashen da ke kula da motsin jiki.

An daɗe da sanin haka. A 1837 wani likita mai suna Couper a ƙasar Sikotlan ya bayyana halin waɗansu ma'aikata biyar masu niƙa dutsen manganis, waɗanda ƙafafunsu suka yi rauni, muryarsu ta dushe. A 1955 aka ba da rahoton mutum 150 masu irin wannan ciwo a ma'adinan Maroko. Ciwon yana farawa ne da abin da kowa zai raina: kasala, ciwon kai, rashin barci, saurin fushi, ko dariya ba dalili. Bayan watanni ko shekaru sai tafiya ta sauya, mutum ya riƙa taka ƙasa da kan yatsunsa kamar zakara, fuska ta sandare, hannu ya ɗauki rawa, idan ya yi nufin ja da baya ya faɗi. Ya yi kama da ciwon Fakinsan, sai dai maganin Fakinsan ba ya yi masa aiki sosai, kuma in ya yi nisa ba ya warkewa ko da an bar aikin. Sau da yawa dangi sukan ce iska ce, a yi ta yawon neman magani, alhali yaron yana komawa cikin ƙurar kowace safiya.

Gaskiya ne waɗancan masu haƙar ma'adinai sun shaƙi ƙura fiye da abin da mai haɗa abincin kaji zai shaƙa. Amma wanda yake zazzage buhu a rufaffen ɗaki shekara da shekaru kada ya ce ya tsira. Mai ciwon hanta da mai ƙarancin jini sun fi kowa haɗari, domin na farko hantarsa ba ta fitar da rarar, na biyu kuwa jikinsa ya fi tsotsar manganis. Irin waɗannan, da mata masu ciki da yara, a nisanta su daga wurin awo.

Wanda zai buɗe buhu lalle ne ya sa takunkumi mai lambar N95, da safar hannu, da tabarau. Ƙyalle ko rawani da ake naɗewa a hanci lokacin hunturu ba ya tare wannan gari. A yi awo inda iska ke ratsawa, a ɗebo da ludayi a hankali, kada a kakkaɓe buhu. In ya zube, a yayyafa ruwa kaɗan a kwashe da shebur. Tsintsiya a busasshen daɓe tayar da shi kawai take yi. Kada a ci goro ko abinci a wurin, a wanke hannu da sabulu, a bar rigar aiki a wurin aiki.

Wajen ajiya, a ɗora buhu kan katako nesa da bango, a ɗaure bakinsa, domin laimar damina tana sa shi ya dunƙule. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da hatsi ko gishirin miya. Kada kuma a juye shi cikin mazubin da ba suna. Da Turanci sunansa ya yi kusa da na magnisiyam salfet, gishirin da ake sha don wanke ciki, kuma haruffa kaɗan ne suka raba su a jikin buhu. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kafin a saya. Ruwan wanke kayan awo kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya da tafkin kifi, gama yana kashe halittun ruwa. Buhun da ya ƙare a yaga shi, kada a zuba masara ko gari a ciki.

In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. In yaro ya haɗiye, a kurkure masa baki, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara, a kai shi asibiti mafi kusa tare da takardar jikin buhun. Ma'aikacin da ya ga hannunsa na rawa ko tafiyarsa ta sauya ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ya faɗa wa likita irin aikin da yake yi, da sunan garin, da shekarun da ya yi yana taɓa shi.