Darasi: Yadda Matashi Zai Rubuta Takardar Bayanin Kansa Don Neman Karatun Likita

Manufar darasi

Mu san abin da ake nufi da takardar bayanin kai, mu kuma ga yadda iyaye, malamai da shugabannin matasa za su taimaki yaro ya rubuta tasa bisa gaskiya.

Gabatarwa

Da wuya a sami ƙauyen da babu yaro ko yarinya mai burin zama likita. A nan Nijeriya, mai neman jami'a yakan rubuta jarrabawar JAMB, ya haɗa da sakamakon WAEC ko NECO, makinsa ya yi magana a madadinsa. A ƙasar Birtaniya kuwa, bayan maki, ana son ɗalibi ya rubuta da kansa dalilin da ya sa yake son karatun, da irin shirin da ya yi. Wannan rubutu shi muke kira takardar bayanin kai.

A kan tsarin Birtaniya wannan darasi ya tsaya. Amma ko yaronmu ba zai taɓa ƙetare teku ba, darasin zai amfane shi, domin masu ba da tallafin karatu da yawa sukan nemi irin wannan takarda.

Yadda tsarin yake

Ana neman jami'o'in Birtaniya ta hannun hukuma guda mai suna UCAS, ta intanet. Ga abubuwan da ya kamata mu sani:

• Mai neman karatun likita dole ya miƙa takardunsa kafin ranar 15 ga Oktoba ta wuce, a shekarar da ke gaban wadda zai shiga makaranta.
• Ɗalibi yana da zaɓi biyar, amma huɗu kaɗai aka yarda ya ba karatun likita. Na biyar sai ya zama wani fanni.
• Takardar bayanin kai guda ɗaya ce take zuwa wa dukan jami'o'in da ya zaɓa. Saboda haka ba a ambatar sunan wata jami'a a ciki.
• Ba a wuce haruffa 4,000, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Wato wajen kalmomi 600 na Turanci.
• Yawancin makarantun likita suna neman sakamakon wata jarrabawa mai suna UCAT, wadda ake yi kafin a miƙa takardu, sa'an nan su kira ɗalibi don ganawa.

A da, ana rubuta takardar a dunƙule kamar insha'i. Daga masu neman shiga a shekarar 2026 aka raba ta gida uku, kowane gida da tambayarsa, kuma kowace amsa ba za ta gaza haruffa 350 ba. Duk wanda ya ga tsohon samfuri a hannun wani, ya tuna da wannan canji.

Mu kuma faɗi gaskiya tun da wuri. Kuɗin karatun likita ga baƙi a Birtaniya yana da yawa ƙwarai, guraben da ake ba baƙi kaɗan ne, kuma yawancin makarantun ba su karɓar sakamakon sakandare shi kaɗai sai an ƙara wani karatu a kansa. Kada iyali su sayar da gona ko shanu, ko su ba ɗan kamasho kuɗi, kafin su karanta sharuɗan kowace jami'a a shafinta.

Tambaya ta ɗaya: Me ya sa kake son wannan karatu?

A nan ne yawancin matasa suke tuntuɓe. Sukan rubuta, "Tun ina ƙarami nake son zama likita domin in taimaki mutane." Maganar ba ƙarya ba ce, amma kowa yana iya faɗinta. Malamin makaranta yana taimakon mutane, haka mai haƙa rijiya. Mai karanta takardar yana so ya ji abin da ya kai ka ga aikin likita musamman.

A ce wata yarinya tana da ƙane mai ciwon sikila. Za ta iya rubuta kamar haka: "Sau da yawa nakan kwana da ƙanena a asibiti idan ciwonsa ya tashi. Na tambayi ma'aikaciyar jinya dalilin da ya sa shi yake ciwo ni kuwa ba na yi. Ta bayyana mini cewa idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS. Daga ranar na fara karanta yadda ake gadon cututtuka ta jini."

Mu lura da abu uku a wannan misali. Ta faɗi abin da ta gani. Ta faɗi tambayar da ta yi. Ta faɗi abin da ta yi bayan ta sami amsa. Ba ta tsaya neman a ji tausayinta ba. Labarin ciwo a gida yana da amfani ne idan ya nuna abin da mutum ya koya.

Tambaya ta biyu: Yaya karatunka na makaranta ya shirya ka?

Ba a nan ake jera maki ba, domin makin yana wani gefe na takardun. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya ɗauki abu ɗaya ko biyu daga darussansa na kimiyya, ya nuna yadda ya bi su har gaba da abin da malami ya koyar.

Yarinyar nan za ta iya cewa darasin gado a aji ya sa ta karanta labarin maganin Casgevy, wanda hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, mai gyara ƙwayoyin halitta na mai sikila. Sa'an nan ta faɗi tunaninta: maganin yana da tsada sosai, yaya zai kai ga ƙasashen da cutar ta fi yawa? Wani yaron kuma zai iya magana a kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Okisfod, aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ambaci littafi ko binciken da ba ka karanta ba. Waɗansu makarantu ba su ba takardar maki, amma masu ganawa za su iya ɗauko magana daga cikinta su ce ka yi bayani. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambaya ta uku: Me ka yi a wajen makaranta, kuma me ya koya maka?

Matasanmu sukan ce ba su da abin rubutawa, tun da ba su taɓa aiki a babban asibiti ba. Mu duba da kyau. Akwai wanda ya yi jinyar kakarsa wata da watanni. Akwai wadda take taimakawa wajen rubuta sunaye ranar awon ciki a ƙaramin asibitin ƙauye. Akwai masu bin ƙungiyar ziyarar marasa lafiya ta ikilisiya, da masu koyar da yara ranar Lahadi, da masu haɗa karatu da aikin gona. Duk waɗannan shiri ne. Makarantun likita suna neman mai haƙuri, mai sauraro, mai aiki da jama'a, wanda kuma ya san cewa aikin yana da gajiya da baƙin ciki.

Maimakon ka rubuta, "Ni mai tausayi ne," faɗi abin da ya faru. Misali: "Wata tsohuwa ta ƙi shan maganinta. Na ga yadda ma'aikacin lafiya ya zauna ya saurare ta, har ya gane cewa tsoron kuɗin take ji. Na koyi cewa ana fara tambaya kafin a ba da umurni." Gajeren labari irin wannan ya fi dogon jerin kirari. Kada kuma a rubuta sunan majinyaci ko wani abin da zai sa a gane shi. Riƙe asirin mara lafiya yana cikin aikin tun daga farko.

Zaɓi na biyar: kimiyyar binciken cututtuka

Ɗalibai da yawa sukan ba zaɓinsu na biyar ga wannan fanni. Shi ne karatun yadda jiki yake aiki da yadda cuta take kama shi. Daga cikinsa ake samun masu awon jini da sauran gwaje-gwaje a asibiti, da masu bincike. A Ingila karatun likita yakan ɗauki shekara biyar ko shida, wannan kuwa uku. Wanda ya gama shi bai zama likita ba, ko da yake yana iya sake neman karatun likita daga baya.

To, yaya takarda ɗaya za ta yi wa fanni biyu? Shawararmu ita ce, idan likita kake nema, rubuta ta don likita. Wanda ya raba ƙafa ba ya gamsar da kowa. Amma ka ba kimiyya wuri mai kyau a amsa ta biyu, kuma ka tambayi jami'ar ta biyar tun da wuri ko tana karɓar takardar da aka rubuta don likita. Waɗansu suna karɓa, waɗansu kuma sukan ce a aiko musu da wata dabam. Wanda kuwa binciken ne ainihin burinsa, sai ya faɗi haka a fili, kada ya rubuta kamar wanda likita ta kuɓuce masa.

Aikin iyaye da malamai

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kada mu rubuta wa yaro takardarsa, kada kuma mu biya wani ya rubuta. UCAS tana gwada kowace takarda da waɗanda ta taɓa karɓa, idan ta ga kama da yawa sai ta sanar da jami'o'in. Ta kuma yi gargaɗi cewa miƙa abin da kwamfuta ta rubuta wa mutum yana iya zama maguɗi. Ga taimakon da za mu iya yi:

• Mu ba yaro dama ya yi aikin sa kai tun shekara ɗaya ko biyu kafin lokacin, ya riƙa rubuta abin da ya gani a ɗan littafi.
• Mu bar shi ya faɗi labarinsa da baki, da harshen da ya fi sakewa, kafin ya rubuta da Turanci.
• Malami ya karanta, ya nuna kuskure da wurin da magana ba ta fito ba.
• A fara da wuri, domin sai an sake rubutawa sau da yawa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka ne matasa suke yi a ƙauyenmu da za su iya shiga amsa ta uku?
2. Wa za mu tuntuɓa a ƙaramin asibitinmu don a ba matasa damar taimakawa?
3. Me ya sa iyaye sukan so su rubuta wa 'ya'yansu? Wace illa ke cikin haka?
4. Muna girmama mai awon jini kamar yadda muke girmama likita? Don me?

Aikin yi

Matasa su zauna biyu-biyu. Kowa ya ba ɗan'uwansa labarin wata rana da ya kula da mara lafiya, cikin minti uku. Mai sauraro ya yi tambaya ɗaya kawai: "Me ka koya?" Kowa ya rubuta amsarsa cikin layi biyar, ya zo da ita taro na gaba.