Lissafin Makamashin Ƙara Wa Iska Danshi

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan busar da ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Leɓe ya tsage, wasu yara su yi haɓo, tumatirin da aka tsinko da safe ya yanƙwane kafin la'asar. Dalili shi ne danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 na abin da za ta iya ɗauka, alhali jikin ɗan Adam ya fi sakewa da kashi 40 zuwa 60.

Mayar wa iska da danshi yana cin makamashi, don haka injiniyoyi kan lissafa shi tun gini yana kan takarda. Mai neman shaidar gini mai tattalin muhalli ta EDGE, wadda hukumar IFC ta Bankin Duniya ta tsara, sai ya nuna gininsa zai rage amfani da makamashi da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da ginin yau da kullum.

Ga yadda lissafin yake. A zafin digiri 25, kubik mita ɗaya ta iska, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, tana iya ɗaukar kimanin giram 23 na tururin ruwa. Kashi 15 na wannan ya kai giram 3.5, kashi 40 kuwa giram 9.2. Giɓin ya kusa giram 6.

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 10, faɗi 6, tsayi 3, wato kubik mita 180. Idan iskarsa tana sauyawa sau biyu a awa, sai a ninka 360 da 6: kimanin lita 2 ta ruwa kowace awa. Mayar da lita ɗaya tururi da lantarki yana cin wajen yunit 0.7, ke nan awa 6 za su ci fiye da yunit 8. Kwamfuta kan maimaita wannan ga kowace awa cikin 8,760 na shekara, tana ɗebe danshin numfashin mutanen ɗakin.

To, in aka rataya jiƙaƙƙen buhu a taga fa? Ruwan zai bi iska ba tare da lantarki ba, amma zafin da yake buƙata daga iskar zai zuƙe shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwanta. A zafin Maris wannan riba biyu ce: danshi da sanyi. A sanyin asubar Janairu kuwa ƙarin ɗari ne, sai an nemi abin ɗumama ɗaki. Saboda haka dabarar da ta fi araha a hunturu ita ce toshe kafofin ƙofa da taga, ba tare da an hana mutane iskar shaƙa ba.

Aiki ga ɗalibai: a auna ajin makaranta, a lissafa litar da yake buƙata idan iskarsa tana sauyawa sau huɗu a awa.