Ku daina damƙa wa ƴan kamasho yaranku da sunan ziyarar gidan tarihi

Ni malamin tarihi ne a nan Gaya, kuma duk hunturu nakan kai ƴan lakwal gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Cikin makon nan wani masunci ya kawo mini ƴarsa, ƴar ajin ƙarshe na firamare, kuma tun daga ranar raina bai kwanta ba.

Sai da ya sayar da kwandon busasshen kifi ya biya mata kuɗin tafiya, don an ce masa yara za su je su ga tarihin ƙasarsu. Wanda ya shirya tafiyar wani ɗan kamasho ne na tasha, ya yi wa wata makaranta daɗin baki suka amince. Ya kawo ƙaramar bas, ya cusa yara wasu bisa cinyar wasu, taga ɗaya a fashe an toshe ta da kwali. Suka tashi tun kafin kiran assalatu. Duk wanda ya san sanyin bakin kogi a watan Janairu ya san abin da nake faɗa. Ba a ce wa iyaye su ba yara rigar sanyi ba. Ba a tambayi wane yaro ke da ciwo ba. Yarinyar nan kuwa tana da asma tun tana ƙarama. Kafin su kai Doso ƙura da iska sun toshe mata ƙirji, sai a wani asibiti aka tsaya da ita, sauran yara na zaune cikin mota ba karin kumallo. Tafiyar kusan kilomita 300, ba su shiga Yamai ba sai bayan la'asar.

Da isarsu ya jera su a ƙofa ya ɗauki hoton da zai tura wa iyaye a WhatsApp, ya ruga da su wajen dorina da zakunan da ke cikin gidan tarihin. A hanyar fita suka bi ta gaban wasu manyan ƙasusuwa, wani yaro ya tambaya, gogan naka ya ce ai raƙumin Samudawa ne.

"Mushe, dubi littafinta," in ji mahaifin. Na buɗe. Ta ja layi da jan biro, ta sa kwanan wata, ta rubuta da kyakkyawan hannu: "Na ga ƙashin raƙumin Samudawa." Na ce mata, "Ƴata, sai me kuma kika gani?" Ta ce, "Dorina, Mushe." Tana magana tana tari.

Wannan ya fi ciwon ƙona mini rai. Ƙasusuwan nan daga hamadarmu aka tono su, irin na Gadufawa a yankin Agadas, na dabbobin da suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, har da wani ƙaton kada. Masana daga Faransa da Amurka suna ƙetaro teku dominsu. A gidan nan da aka buɗe tun 1959 ne aka ajiye bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai cikin sahara har mota ta kaɓe ta a 1973. Ga rumfar tufafin gargajiya, ga kayan kiɗa, ga bukkokin Fulani da Buzaye da Zabarmawa, ga maƙeran azurfa da dukawa suna aiki a gaban idon kowa. Ban da ƙasusuwan, yarinyar ba ta ga ko ɗaya ba. Ba ta ma san Bubu Hama marubuci ne da ya shugabanci majalisar dokoki ba.

Wanda bai taɓa karantar da aji ba, kada ya ja aji. Tafiyar yini ɗaya daga Gaya zuwa Yamai da yara cuta ce. A kwana, ko a fasa.

Iyaye, ku je tasha ku ga motar da idonku. Ku ƙirga kujeru, ku ƙirga yara, ku taɓa tagogi. Rigar sanyi, hula, kallabin rufe hanci, man kaɗanya. Mai asma ya tafi da maganinsa a aljihunsa, kada a sa shi cikin jakar da aka ɗaure a kan mota. Ku tambayi sunan malamin da zai raka su. In aka ce muku "akwai wanda ya san wurin", ku riƙe kuɗinku. Ina sake faɗa: ku je ku ga motar.

Ku kuma abokan aikina, wasunku sun ba ni kunya. Ku rubuta wa gidan tarihin takarda tun da wuri, ku san lokacin buɗe rumfuna, ku nemi jami'in wurin ya yi wa yara bayani. A fara da rumfuna, dabbobi daga baya, don yaron da ya ga zaki ba ya ƙara sauraron kowa. Kada a taɓa kaya. Kada direba ya yi gudu cikin hazo. Kuma ku duba littattafan yara bayan an dawo, kafin ƙarya ta zauna.

In kuɗin kwana ba su samu ba, Doso na da nata gidan tarihi, ga fadar Zarmakoy, kuma rabin tafiya ce. A tashi bayan rana ta fito, a dawo kafin magariba.