Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Littafin Waƙoƙi A Waya, Daga Rubutu Zuwa Bugu

Matasa da yawa suna da waƙoƙi a warwatse a Facebook da WhatsApp, ranar da aka rufe shafin ko waya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Tattara su cikin ƙaramin littafi, irin wanda Turawa ke kira chapbook, aiki ne da wayar Android za ta iya yin kusan dukansa. Irin wannan littafi ba ya da kauri. A ma'aunin UNESCO na 1964, abin da ya kai shafi 49 ban da bango shi ne littafi, daga shafi 5 zuwa 48 kuma ƙasida ce, kuma a wannan rukunin yake. Buga wa kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, da shi marubutan Adabin Kasuwar Kano suka tashi tun shekarun 1980.

Matsalar farko ita ce haruffa masu ƙugiya. A Gboard ana shiga Languages a ƙara Hausa, sai ɓ, ɗ da ƙ su samu. A waƙa sakaci da wannan yana da tsada, domin "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne. Amma samun harafin a kibod rabin aiki ne. Salon rubutu da dama, musamman masu ado, ba su da waɗannan haruffa, sai manhaja ta aro daga wani salon, harafin ya fito a karkace, ko ya zama ɗan akwati a takarda. Noto Serif, Charis SIL, Gentium da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Kafin a tsayar da salo, a rubuta Ɓ, Ɗ, Ƙ manya da ƙanana a gwada, don galibi manyan ne ke ɓacewa.

A Google Docs ko Word, tun kafin a zuba waƙa ko ɗaya a mayar da girman takarda A5, wato milimita 148 da 210, rabin A4 daidai. Wanda ya tsara a A4 ya ce zai rage daga baya, sai ya sake aikin gaba ɗaya. Harafi mai girman 11 ya wadatar. Da shi shafi ɗaya zai ɗauki kusan baiti biyar na waƙa 'yar ƙwar biyar. Idan ɗango ya yi tsawo ya karye, a tura ragowar ciki kaɗan don kada a ɗauke ta sabon ɗango. Kuma kada a raba waƙa da waƙa ta hanyar danna Enter sau goma, akwai Page break, shi ne ba ya motsi idan an yi gyara a sama.

Sai lissafin shafuka, inda mafi yawan masu farawa ke asarar kuɗi. Takardar A4 ɗaya, idan an buga gaba da baya aka ninke ta, tana ba da shafi huɗu. Don haka dole jimillar shafuka ta rabu da huɗu: 16, 24, 28, 32. Littafi mai shafi 32 takarda takwas ke nan. Mai shafi 30 sai ya ƙara biyu, ko da fari ne. Kuma shafukan ba a jere suke zama a kan takarda ba. Ta farko tana ɗauke da shafi na 32 a hagu da na 1 a dama, bayanta na 2 da na 31. Hanyar dubawa mai sauƙi: kowane shafi biyu da ke gefe da gefe, in an tara lambarsu, 33 za su bayar. Ba sai an yi wannan da hannu ba. A ajiye aikin a PDF yadda yake a jere, a shagon kwamfuta a buɗe shi da Adobe Acrobat Reader a zaɓi Booklet wajen bugawa. PDF ɗin za a kai, ba fayil ɗin Word ba, domin PDF na tafiya da salon harafinsa, Word kuwa zai nemi salon a kwamfutar mai shago, in bai samu ba ya musanya.

Bango a Canva ake yi: A4 a kwance, fiksel 3508 da 2480, gaba a dama, baya a hagu. Takardar ciki mai nauyin giram 80, bango kwali mai 200 ko sama. A tura fayil a WhatsApp a matsayin Document, hoto kam matse shi yake yi. A fara buga kwafi ɗaya, a ninke, a karanta da babbar murya kafin a ba da umarnin hamsin. Ɗinkin tsakiya na buƙatar sitefula mai dogon hannu, shafukan tsakiya da ke leƙowa waje bayan ninki kuma injin yanka na maɗaba'a ke daidaita su.

Mai son sayar da kwafin waya zai iya ɗora PDF a Selar, a biya da naira kafin a sauke. Sai dai da zarar fayil ya shiga zauren WhatsApp ɗaya, ya zama na kowa, shi ya sa kwafin takarda mai sa hannun marubuci ya fi riƙe daraja. Rufe OkadaBooks a ƙarshen Nuwamban 2023 ya isa dalilin ajiye asalin fayil a Google Drive da kuma katin memori.

A Najeriya haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta aiki, ba sai an yi rajista ba, amma a sa suna da shekara a shafi na 2. Lambar ISBN kuwa Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Littafin da za a raba wa abokai ba ya buƙatarta, wanda za a kai shagunan littattafai gara ya samu, kuma doka ta ce mai bugu mai zaman kansa ya miƙa wa ɗakin karatun kwafi uku.