Darasi na 27: Motar da ba ta shan mai

Kawun Hadiza bakanike ne. Garejinsa yana kusa da tashar mota ta Maraɗi. Shekara ashirin ke nan yana gyaran inji, har baƙin mai ya rine masa hannuwa, sabulu ba ya fid da shi. Bayan sallar layya ya tafi Dakar, babban birnin Senegal, ganin ƙanensa da ke kasuwanci can. Ran da ya komo, yaran gida suka kewaye shi suna jiran tsaraba da labari.

Ya ce: «Na ga teku, na ga jiragen ruwa. Amma abin da ya fi ba ni mamaki mota ce. Doguwa ce, kamar an ɗinke motoci biyu. Na shiga na zauna ina jiran direba ya tada inji, sai na ga ashe mun riga mun tashi. Ba ƙara, ba girgiza. Da na sauka na zagaya bayanta ina neman bututun hayaƙi. Babu! Na duƙa ina leƙe, mutane suna ta kallona, sun ɗauka kuɗina ne suka faɗi.»

Hadiza ta ce: «Kawu, to me take sha?»

Ya ce: «Wuta take sha, ɗiyata. Lantarki, kamar salular babanki.»

Yara suka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya dubi hannuwansa ya ce: «Motar da ba ta da buji, ba a yi mata juyen mai, me bakanike zai gyara a jikinta?»

Washegari Hadiza ta kai labarin makaranta. Malam ya ce kawunta bai faɗi ƙarya ba. Waɗannan motoci sun fara ɗaukar mutane a Dakar cikin shekarar 2024. Suna da hanyarsu ta kansu mai tsawon kilometir 18, daga tsakiyar gari zuwa Gejawaye. Tafiyar da a da take cin awa ɗaya da rabi saboda cunkoso, an yi hanyar ne don ta koma minti 45.

Yaya take tafiya?

Motar da muka sani mai take ƙonawa a cikin injinta. Man ya kama wuta, ya tura ƙarafa, ƙarafan su juya tayoyi. Abin da ya ƙone ya fita ta baya, shi ne hayaƙi. Amma yawancin ƙarfin man zafi yake zama. Shi ya sa in mota ta iso daga Damagaram ba mai iya ɗora hannu a kan injinta. Cikin litir huɗu da direba ya saya, kusan ɗaya ne kawai yake tura mota.

Motar lantarki ba ta ƙona komi. Tana da babban batir, wanda a ƙananan motoci ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kujeru. Nauyinsa yakan kai na buhun gero uku zuwa biyar. Batirin yana ba da wuta ga wani inji mai juyawa, irin na fanka, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. In wutar ta ƙare sai a jona motar a yi mata caji.

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Tun 1899 wani mutumin Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa motar lantarki kusa da Paris, ya wuce gudun kilometir 100 a awa. Shi ne ya fara yin wannan gudu da mota a duniya. Daga baya mai ya yi araha, batirin lokacin kuma ba ya kai mutum nesa, sai aka ajiye ta.

Me ya sa aka komo gare ta?

A cikin hayaƙin mota akwai baƙin da muke gani, mai sa tari. Akwai kuma wata iska da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Sunanta gaz karbonik. Litir ɗaya na fetur, in ya ƙone, yana fid da kilo 2,3 na wannan iska. Za ku ce: yaya haka, alhali litir ɗin kansa bai kai kilo ɗaya ba? Dalili shi ne, wajen ƙonewa man yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, nauyinsu ya taru.

Gaz karbonik yana taruwa a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo. Bargon yana da amfani: ba don shi ba, da sanyi ya hana mu rayuwa. Amma shekara wajen 200 ke nan mutane suna ƙona gawayin ƙasa da mai da gas, har wannan iska ta ƙaru da rabin yadda take a da. Wanda aka ƙara wa bargo cikin bazara ya san abin da zai ji.

Mu ma mun ji. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Da damina ta zo a shekarar, ruwa ya yi ɓarna a Nijar, gidaje suka rushe, gonaki suka nutse, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi cikin watan Satumba. Masana sun ce ɗumamar duniya tana ƙara wa irin wannan zafi da irin wannan ruwa ƙarfi. Ga shi kuwa Afirka duka ba ta fid da kashi 4 cikin 100 na gaz karbonik ɗin duniya. Ba mu ci nanin ba, nanin tana cin mu.

A 2015 ƙasashe kusan 200 suka taru a Paris. Suka yi alkawarin hana zafin duniya ƙaruwa da digiri 2, in da hali ma a tsaya a 1,5. Don a cika alkawarin sai an kai ga abin da ake kira daidaiton karbon.

Malam ya zana randa a allo, mai ƴar ɓula a gindi. Ya ce: «In ruwan da ake zubawa ya fi wanda ke yoyo, me zai faru?»

Yara suka ce: «Randa za ta cika, Malam.»

«In kuwa wanda ake zubawa daidai yake da wanda ke fita?»

«Ruwan zai tsaya inda yake.»

Ya ce: «To, randar ita ce sama. Ruwan da ake zubawa shi ne gaz karbonik. Ɓular kuma itatuwa ne da teku, don su ke shanye shi. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka bar gawo da kalgo suna tsiro a gonakinsu, abin da muke kira sassaben zamani, sun ƙara wa ɓular faɗi. Amma ɓula ƙarama ce, masu zubawa kuma da bokiti suke zubawa. Dole su rage.»

Ƙasashen Tarayyar Turai sun ce za su kai ga daidaiton a 2050, Sin ta ce kafin 2060. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na gaz karbonik daga sufuri yake fitowa, mafi yawansa kuma daga motocin da ke bin hanya. Shi ya sa aka tuna da motar lantarki. A Norwe, wata ƙasa mai sanyi can arewacin Turai, cikin sababbin motoci 100 da aka saya a 2024, kusan 89 na lantarki ne. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a wannan shekarar, don kuɗin sayen mai daga waje ya yi mata nauyi.

Ina hayaƙin ya tafi?

Isufu, wanda ke zaune a bencin baya, ya ɗaga hannu. Ya ce: «Malam, wutar da ake zuba mata, daga ina take fitowa? Mai cajin salula na unguwarmu janareta yake tadawa, kuma janaretan hayaƙi yake yi.»

Malam ya ajiye alli. Ya ce: «Isufu, ka yi tambayar da ta fi kowace nauyi a darasin nan.»

Lantarki ba ya faɗowa daga sama, yin sa ake yi. Wani wuri ruwan madatsa ne ke juya inji, wani wuri iska ce, wani wuri allunan hasken rana ne. Waɗannan ba su hayaƙi. Amma a wurare da yawa gawayin ƙasa ko mai ake ƙonawa. In aka yi wa mota caji da irin wannan wuta, hayaƙin bai ɓace ba: ya bar bayan mota ne ya koma tashar lantarki. Kamar wadda ta share ɗakinta ta zuba sharar a tsakar gida.

Norwe da Habasha sun yi sa'a, kusan duk wutarsu daga ruwa take fitowa. Habasha ta ƙaddamar da babbar madatsarta ta kogin Nilu a 2025. Sin kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa ƙera motocin lantarki, a 2024 fiye da rabin wutarta daga gawayin ƙasa ta samo shi. Senegal ma tana ƙona mai don samun yawancin wutarta, ko da yake tana da tashoshin rana da na iska. Duk da haka mutanen Dakar sun ci riba: hayaƙin ya bar hancinsu, kuma mota ɗaya mai ɗaukar mutum fiye da 100 ta fi ƙananan motoci hamsin sauƙin ɓarna.

Batirin ma yana da nasa labari. Ana yin sa da ma'adinai irin su lityom da kobalt. Fiye da kashi biyu cikin uku na kobalt ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi. A wasu ramukan can an samu yara tsaranku suna ɗaukar duwatsu maimakon su tafi makaranta. Wannan ba daidai ba ne, ko da motar da za a ƙera ba ta hayaƙi. Yanzu ana yin batura da yawa ba tare da kobalt ba.

To mu fa? A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gida. Wutar da muke da ita, wata daga Najeriya ake sayo ta, wata daga gawayin Anu Araren na jihar Agadas, wata daga injinan gazuwal. Gidan da bai samu fitila ba, ba a yi masa zancen cajin mota. Amma muna da abin da Norwe ba ta da shi, wato rana. An buɗe tashar hasken rana a Malbaza a 2018, an buɗe wadda ta fi ta girma a Goru Banda, kusa da Yamai, a 2023. Babur ɗin kabu-kabu ba ya bukatar batir mai nauyin buhu biyar. Ƙaramin batir ya ishe shi, kuma allunan rana suna iya cika shi.

Da maraice Hadiza ta biya ta gareji ta faɗa wa kawunta abin da aka koya musu. Yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya saurara har ta gama, sannan ya fito yana goge hannu da tsumma.

Ya ce: «Malaminku ya ce tana da birki?»

Ta ce: «Bai faɗa ba, Kawu. Amma ai kai ka ga ta tsaya ka sauka.»

Ya yi dariya. Ya ce: «Tana da birki, tana da taya, tana da wayoyi. To ba a rabu da mu ba tukuna.» Ya ƙwala wa yaron garejinsa kira, ya ce daga ran Asabar zai riƙa zuwa wurin mai haɗa allunan rana na bakin kasuwa, ya koyi aikin wuta.

Ma'anar kalmomi

Bakanike: mai gyaran mota. Da Faransanci, mécanicien.
Batir: abin da ake ajiye wutar lantarki a cikinsa. Da Faransanci, batterie.
Madatsa: ginin da ake tare ruwan kogi da shi. Da Faransanci, barrage.
Daidaiton karbon: lokacin da gaz karbonik ɗin da ake fitarwa bai fi wanda ake shanyewa ba. Da Faransanci, neutralité carbone.

Tambayoyi

1. Me kawun Hadiza ya nema a bayan motar Dakar? Ya same shi?
2. Me ya sa bai yi dariya tare da yara ba?
3. A zanen Malam, mene ne randa, mene ne ruwa, mene ne ɓula?
4. Mota biyu na lantarki, ɗaya a Norwe, ɗaya a garin da ake ƙona gawayin ƙasa don samun wuta. Wacce ce ta fi rage hayaƙi? Don me?

Lissafi

Wani ɗan kabu-kabu yana shan litir 3 na fetur kowace rana. Kilo nawa na gaz karbonik babur ɗinsa yake fitarwa a rana ɗaya? Nawa ne a kwana 30?

Aiki

Ku tambayi mai cajin salula na garinku ko na unguwarku inda wutarsa take fitowa. Ku rubuta amsarsa cikin jimla uku da Hausa, sannan ku juya jimla ɗaya zuwa Faransanci.