Amanar Ƙasa: Yadda Ake Kare Mazaunin Namun Daji a Filayen Jama'a

Gabatarwa

Idan aka yi maganar kare namun daji, abin da yakan fara zuwa a zuciyar ɗalibi shi ne gandun daji na gwamnati, irin su Yankari. Sai dai dabba ba ta san iyakar da aka shata a takarda ba. Giwa da tsuntsu da kwaɗo suna bin ruwa da abinci duk inda suke, kuma yawancin wuraren nan suna hannun manoma da makiyaya da sauran masu filaye. A Amurka, alal misali, kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar mallakar ɗaiɗaikun mutane ne da kamfanoni. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro ƙungiyoyin amana, waɗanda aikinsu shi ne riƙe irin waɗannan filaye domin halittun da ke cikinsu.

Dalilin Kimiyya

Masana ilmin halittu sun tabbatar cewa babban abin da ke ƙarar da nau'o'in dabbobi shi ne rasa mazauni. Idan aka yayyanka daji da gonaki da hanyoyi, sai dabbobin su rarrabu ƙungiya-ƙungiya. Ƙaramar ƙungiya kuwa tana hayayyafa ne a tsakanin dangi na kusa, sai zuriyarta ta yi rauni, har fari ɗaya ko annoba ɗaya ta iya share ta. Saboda haka fili guda da ke tsakanin dazuzzuka biyu yana iya zama mashigin da rayuwar dabbobin ta dogara a kansa.

Asalin Tsarin

A 1891 aka kafa ƙungiyar Trustees of Reservations a jihar Masacusets ta Amurka, sannan a 1895 aka kafa National Trust a Ingila. Ita ta Ingila ta fara sayen wani yanki na fadamar Wicken Fen a 1899, inda daga baya aka ƙididdige nau'o'in halittu fiye da 9,000. Haka kuma ƙungiyar Nature Conservancy, wadda aka kafa a 1951, ta fara da eka 60 a kwazazzabon kogin Mianus na jihar Niyok a 1955.

Yadda Yake Aiki

Hanyoyi biyu ne fitattu. Ta farko, ƙungiya ta sayi filin ko a ba ta kyauta. Ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa a Amurka, ita ce yarjejeniyar kariya. A nan mai fili yana ci gaba da mallakar abinsa, yana iya noma ko kiwo bisa sharuɗɗa, yana iya sayarwa ko barin gado. Abin da ya sarayar shi ne haƙƙin yanka filin fuloti-fuloti, ko share dajin, ko cike fadama. Ana rubuta sharuɗɗan a takardar filin, don haka suna hawa kan duk wanda ya saya ko ya gada. Ƙungiyar takan kai ziyarar dubawa kowace shekara, kuma tana iya kai ƙara kotu idan an saɓa. Gwamnati kuma takan rage wa mai filin haraji. Wanda ya san wakafi ba zai ga baƙon abu a nan ba: an tsare asalin dukiya, amfaninta yana gudana.

Misalin Lewa

A Kenya, yawan baƙin karkanda ya faɗo daga kimanin 20,000 a 1970 zuwa ƙasa da 400 a tsakiyar shekarun 1980, saboda masu farautar ƙahonsa. A farkon shekarun 1980 iyalin Craig, masu gandun shanu a gindin Dutsen Kenya, suka ware eka 5,000 domin karkanda, tare da Anna Merz. A 1995 aka mayar da gandun gaba ɗaya wurin kariya mai suna Lewa. A 2013 hukumar UNESCO ta haɗa shi cikin yankin Dutsen Kenya na kayan gadon duniya.

Matsaloli

Tsarin yana da nasa cikas. Magada sukan ji an ɗaure musu hannu a kan yarjejeniyar da ba su sa hannu ba. Wasu kuma sun riƙa zuzuta darajar fili don samun ragin haraji, har majalisar dokokin Amurka ta tsaurara doka a 2022. Sannan sauyin yanayi yana iya korar dabbar daga filin da aka tsare dominta.

Kammalawa

A Nijeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka ba za a kwafi tsarin Amurka kai tsaye ba. Duk da haka malamai za su iya fita da ɗalibai su lissafa tsuntsaye da itatuwan wata fadama ko kurmi na kusa, su binciki wanda ke riƙe da wurin, sannan su tattauna irin sharuɗɗan da za su sa wurin ya ɗore bayan mai shi.