Yadda Niyu Zilan Take Cin Kasuwar Motocin Kwana

A ƙasar Niyu Zilan, wadda ta karɓi baƙi kimanin miliyan 3.9 a shekarar 2019, 'yan yawon buɗe ido da dama ba sa neman otal. Sukan yi hayar mota mai gado da murhu da makewayi, su zagaya manyan tsibiran ƙasar guda biyu.

Babban kamfani a wannan harka shi ne Tourism Holdings, mai motocin Maui da Britz, wanda ya haɗe da Apollo na Ostireliya a 2022. Ribarsa ba a kuɗin haya kaɗai take ba, domin idan mota ta yi 'yan shekaru tana aiki sai a sayar da ita a sa sabuwa. Masu jiragen ruwan da ke ƙetarar da motoci daga Wellington zuwa Picton, tafiyar kimanin awa uku da rabi, su ma suna samun rabonsu, haka nan masu kai 'yan kallo cikin ruwan Milford Sound.

Sai dai kasuwar ta fi ci daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin zafinsu ke nan. In sanyi ya shigo motoci da yawa a ajiye suke, bashin banki kuwa ba ya jiran kakar ciniki.

Akwai kuma ƙorafin mazauna garuruwa game da ƙazantar da masu kwana a fili ke bari. Saboda haka dokar 2023 ta wajabta kafaffen makewayi ga motar da za ta kwana kyauta a filayen ƙananan hukumomi. A Oktoban 2024 gwamnati ta ɗaga harajin shigowar baƙi daga dalar ƙasar 35 zuwa 100.